Kwamitin bincike bayan babban hari: ihu bayan hari ne ko yana gyara wani abu?

"Assalamu alaikum Barista. Dan Allah ina da tambaya. Duk sanda aka kai wani babban hari a ƙasar nan sai mu ji a rediyo wai gwamnati ta kafa kwamiti zai binciko inda aka yi sakaci, daga nan kuma shiru kake ji. Wani malaminmu ya ce a Amurka ma bayan harin 11 ga Satumba kwamiti suka kafa amma nasu ya yi aiki. Wai gaskiya ne? Meye bambancin nasu da namu, ko dai duk yaudara ce kawai don a kwantar wa mutane da hankali?"

Wa alaikumus salam ƙanena. In na fahimce ka abu biyu kake son sani, na ɗaya ko kwamitin da Amurka ta kafa ya tsinana wani abu da gaske, na biyu kuma me ya sa namu suke ƙarewa a durowa. Malamin naku bai yi ƙarya ba, sai dai labarin bai kai daɗin yadda ake ba da shi ba. Ni lauya ne ba jami'in tsaro ba, ban taɓa riƙe bindiga ko zama a ofishin leƙen asiri ba, abin da na sani ɓangaren takarda ne da doka, don na taɓa aiki a sakatariyar wata hukumar bincike ta jiha shekarun baya, to da wannan idon zan amsa maka.

Yadda na Amurkan ya samo asali

Mutane da yawa sun ɗauka ana gama harin washegari Shugaba Bush ya kira manya ya ce ku je ku binciko. Ba haka aka yi ba sam. An kai harin ranar 11 ga Satumba 2001, mutum 2,977 suka mutu ban da maharan su 19, amma sai ranar 27 ga Nuwamba 2002 Bush ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar, ka ga wata 14 kenan, kuma mafi yawan lokacin fadar White House ba ta so, cewa suke ana cikin yaƙi bincike zai raba wa jami'ai hankali. Waɗanda suka matsa lamba iyalan mamatan ne, musamman wasu mata 'yan jihar New Jersey da mazajensu suka mutu a tagwayen benayen New York da aka kai wa harin, su suka dinga sintiri majalisa, su shiga ofishin wannan sanata su fito su shiga na wancan, su hau talabijin, har sai da abin ya fi ƙarfin a share. Da aka tashi kafawa kuma sai aka ba Henry Kissinger tsohon sakataren harkokin waje shugabanci, iyalan suka ce to ya fito ya faɗi su waye kwastomomin kamfaninsa na ba da shawara don a san ko akwai wanda binciken zai taɓa, ya ga ba zai iya ba, ko wata ɗaya bai yi ba ya ajiye. Daga nan aka kawo Thomas Kean tsohon gwamnan New Jersey ɗan Rifablikan, da Lee Hamilton ɗan Dimokurat a matsayin mataimaki, mambobi 10, kowace jam'iyya biyar biyar. Kuɗin da aka fara ware musu dala miliyan 3 ne kacal, sai da suka yi ta ƙorafi aka ƙara ya kai wajen miliyan 15. Su kansu Kean da Hamilton daga baya sun faɗa da bakinsu cewa yadda aka tsara abin tun farko kamar so ake su gaza.

Toh amma doka ce ta kafa su, ba sanarwar kakakin shugaban ƙasa ba, kuma dokar ta ba su ikon aika sammaci. Nan ne gizo ke saƙar. Sun yi hira da mutum sama da 1,200 a ƙasashe 10, sun duba takardu shafi sama da miliyan 2 da rabi, sun yi zaman jin shaida a bainar jama'a na kwana 19. Da hukumar sufurin jiragen sama da ma'aikatar tsaro suka fara jan ƙafa wajen ba da kaya sai suka buga musu sammaci, aka fito da kaset kaset na maganganun da aka yi a rediyo a safiyar ranar. Abin da kaset ɗin ya nuna ya saɓa da labarin da sojoji suka daɗe suna bayarwa, domin su cewa suke suna bibiyar jirgi na huɗu cikin waɗanda maharan suka sace, United 93, a shirye suke su kakkaɓo shi, ashe sai bayan jirgin ya riga ya faɗi a Pennsylvania da 'yan mintuna ma labarin sace shi ya iso musu. Da a ce manyan hafsoshi kawai aka kira suka yi bayani aka gode musu aka sallame su, da har yau tsohon labarin ne a littafin tarihi.

Abin da suka gano

Rahoton ya fito ranar 22 ga Yuli 2004, kuma a ranar aka zuba shi a shagunan littattafai dala 10, kowa ya saya ya karanta. Sun ce gazawar kashi huɗu ce, ta hangen nesa, ta manufa, ta kayan aiki da ta tafiyar da aiki, amma ni abin da ya fi tsaya min a rai labarin mutum biyu ne daga cikin maharan, Khalid al-Mihdhar da Nawaf al-Hazmi. CIA, hukumar leƙen asirin Amurka a ƙasashen waje, ta san da su, ta bibiyi wani taro da suka halarta a Kuala Lumpur a watan Janairun 2000, ta san Mihdhar yana da bizar Amurka, daga baya ta samu labarin Hazmi ya sauka Los Angeles, amma ba a sa sunayensu a jerin waɗanda ake tarewa a iyaka ba sai ƙarshen Agustan 2001, FBI kuma da ita ke da alhakin cikin gida ba a sanar da ita a kan lokaci ba. Mutanen nan sun zauna a San Diego da sunayensu na gaskiya, sun kama haya, sun je koyon tuƙin jirgi. Ga kuma wani jami'in FBI a Phoenix da ya rubuto a watan Yulin 2001 cewa a lura da mutanen Bin Laden da ke shiga makarantun koyon jirgi, takardar ta maƙale a hedikwata. Ga Zacarias Moussaoui da aka kama a Minnesota ranar 16 ga Agusta saboda malaman makarantar jirgin sun ga take takensa, jami'an can suka nemi a bar su su buɗe kwamfutarsa, hedikwata ta ce hujjar ba ta isa ba. Ga takardar bayanan sirri da aka kai wa Bush ranar 6 ga Agusta mai kanun cewa Bin Laden ya ƙudiri kai hari cikin Amurka. Kowa yana riƙe da guntun labari a aljihunsa, babu wanda aikinsa ne ya tara su wuri ɗaya ya duba.

Sai dai fa a nan dole mutum ya yi adalci, domin bayan abu ya faru kowa malami ne. Takardar Phoenix ɗin nan da yanzu muke ganin ta fito fili, a lokacin ɗaya ce cikin dubbai da ke shigowa, mafi yawansu kuma ba su zama komai ba. Mai bincike na ƙwarai ba tambayarsa kawai "an samu labari ko ba a samu ba", tambayarsa ita ce labarin ya shigo ƙarfe nawa, hannun wa ya shiga, me dokar aikinsa ta ce ya yi da shi, ya yi ko bai yi ba, in ya miƙa sama wa ya karɓa. Wani lokacin za ka tarar babu labarin gaba ɗaya, wani lokacin akwai amma ya mutu a teburin wani, wani lokacin kuma ya isa har wurin mai ba da umarni shi ne ya yi biris, kuma kowanne maganinsa daban. Na Kiras Cac a New Zealand misali, inda aka kashe masallata 51 a masallatai biyu ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, hukumar binciken ta ce ba ta ga wani bayani a hannun jami'ai da zai sa a gano maharin ba, amma ta ce an karkatar da kusan duk ƙarfin leƙen asiri kan Musulmi an bar masu aƙidar fifita farar fata, har Firaminista Jacinda Ardern ta ba da haƙuri a kan haka. A Siri Lanka kuwa akasin haka ne, Indiya ta aiko da gargaɗi tun farkon Afrilun 2019 aka zauna a kai har aka tashi bama bamai a coci coci da otal otal ranar Ista, mutum sama da 260 suka mutu, a 2023 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce tsohon shugaba Sirisena ya biya diyyar rufi miliyan 100 na kuɗin ƙasar daga aljihunsa.

Inda na Amurkan ya gaza

Kar ka ɗauka an kori kowa. Hukumar tun a gabatarwar rahoton ta ce ba ta zo ɗora wa wani mutum laifi ba, kuma haka aka yi, George Tenet shugaban CIA ya yi murabus don kansa a tsakiyar 2004, kafin shekarar ta ƙare Bush ya rataya masa lambar yabo mafi girma da ake ba farar hula. Condoleezza Rice mai ba Bush shawara kan tsaron ƙasa sai da aka kai ruwa rana kafin ta yarda ta yi rantsuwa ta ba da shaida a fili ranar 8 ga Afrilu 2004, Bush da mataimakinsa Cheney kuwa suka ce su tare za su zauna, a ɓoye, ba rantsuwa, ba naɗar murya, kuma haka aka yi musu. Mutum ɗaya da ya juyo ya kalli iyalan ya ce gwamnatinku ta gaza, ni ma na gaza, ku yafe min, shi ne Richard Clarke tsohon mai kula da yaƙi da ta'addanci a fadar. Daga baya kuma ta fito cewa CIA tana da bidiyon tambayoyin da ta yi wa wasu 'yan Alƙa'ida da ta kama, ba ta faɗa wa hukumar ba, ta lalata su a 2005. Akwai kuma shafuka 28 na wani binciken daban da majalisa ta yi a 2002, waɗanda suka shafi zargin alaƙar wasu 'yan Saudiyya da maharan, an rufe su sai 2016 aka buɗe.

Duk da haka daga cikin shawarwari 41 da suka bayar manya manyan sun zama doka, a Disambar 2004 aka ƙirƙiri ofishin darakta guda da zai haɗa kan duk hukumomin leƙen asiri, aka kafa cibiyar yaƙi da ta'addanci inda jami'an hukumomi daban daban ke zama ɗaki ɗaya. Wadda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi ita ce shawarar da ta ce majalisa ta gyara kanta ta rage yawan kwamitocin da ke sa ido a harkar tsaro, ka san ba wanda ke son a rage masa kujera. Wani abin da ya taimaka kuma, da wa'adinsu ya ƙare mambobin ba su watse ba, sun ci gaba da kansu suna bibiya, a ƙarshen 2005 suka fito suka ba gwamnati maki kamar 'yan makaranta, wasu fannonin suka ba ta faɗuwa ƙiri ƙiri.

Mu dawo gida

Mu ma ba yau muka fara ba. Bayan rikicin Maitatsine a Kano a Disambar 1980 Shagari ya kafa hukumar Mai Shari'a Anthony Aniagolu, daga ita aka samo adadin nan na mutum 4,177 da har yau ake ambata, amma bai hana a maimaita a Bulunkutu 1982 da Jimeta 1984 da Gombe 1985 ba. A 2011 kwamitin Ambasada Usman Gaji Galtimari ya duba matsalar Arewa maso Gabas, cikin abin da ya nuna har da kishi da rashin haɗin kai tsakanin hukumomin tsaro, wato dai irin cutar da ta kama CIA da FBI. Bayan sace 'yan matan Chibok ranar 14 ga Afrilu 2014 Jonathan ya kafa kwamitin Birgediya Janar Ibrahim Sabo mai ritaya, ya miƙa rahoto a watan Yuni, abin da jama'a suka ji shi ne an ɗauki 276, 57 sun kuɓuta, saura 219, a lokacin ma tabbatar da adadin ba ƙaramin abu ba ne don akwai masu cewa ba a sace kowa ba. Amma babbar tambayar, wadda Amnesty ta tayar da ta ce sojoji sun samu gargaɗi awa huɗu kafin harin su kuma sojojin suka musanta, ba a ba jama'a cikakken rahoton da za su karanta su ga wa ke da gaskiya ba. Haka da aka fasa gidan yarin Kuje ranar 5 ga Yuli 2022 fursunoni sama da 800 suka fice, Buhari da kansa ya je wurin ya ce bai ji daɗin yadda harkar leƙen asiri ta yi ba, mataimakin kakakin majalisar wakilai na lokacin Idris Wase ya tashi a zauren majalisa ya ce DSS ta aika rahoto 44 kafin harin. To rahoto 44 ɗin nan wa aka aika wa, ranar yaushe, me ya yi da su? Ai aikin hukumar bincike kenan, ba wani abu ba.

Akwai wata matsalar doka da mutane ba su cika sani ba. Obasanjo ya kafa kwamitin Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan Adam a 1999 da dokar hukumomin bincike ta 1966, da aka aika wa Babangida sammaci sai ya tafi kotu, a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsarin mulkin 1999 bai ba gwamnatin tarayya ikon kafa irin wannan hukumar mai tilasta wa shaida zuwa a duk faɗin ƙasa ba, ikon na jihohi ne, tarayya iyakarta Abuja. Rahoton Oputan ma gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, ƙungiyoyi ne suka sake shi a 2005. To ka ga tsaka mai wuya kenan, gwamna yana da ikon kafa hukumar shari'a mai sammaci amma sojoji da 'yan sanda da DSS ba a ƙarƙashinsa suke ba, shugaban ƙasa kuma da suke ƙarƙashinsa galibi kwamitin gudanarwa yake kafawa, wanda in mutum ya ƙi zuwa sai dai a yi ta roƙonsa, sau da yawa ma wakilan hukumomin da ake bincikar ne mambobin kwamitin, an ba kura ajiyar nama. Wadda ta rage ita ce majalisar tarayya, sashe na 88 da 89 sun ba ta ikon bincike da kiran kowa har da sa a kamo wanda ya ƙi zuwa, a takarda ƙarfinta ya isa, sai dai zaman yakan koma na sirri a fito a ce mana an tattauna an fahimci juna.

Abin da na gani da idona

Hukumar da na yi wa aiki sati shida aka ba mu, sati biyun farko sun tafi wajen neman ofis da motar da za ta kai mu ƙauyukan. Shugabanmu alƙali ne dattijo, Allah Ya jiƙansa, ranar farko ya ce min lauya ka manta da manya tukuna, nemo min littafin da ake rubuta shige da fice na ofishin tsaron yankin da rajistar saƙonnin oba oba, manya za su zo da lauyoyinsu da labarin da suka riga suka daidaita, littafi shi ba ya daidaita labari. Na rubuta wasiƙa sau uku, a na farko aka ce mai makullin yana hutu, a na biyu aka ce sai an samu izini daga Abuja, a na uku aka kawo littafin amma shafukan daren da muke nema babu su. Abin da ya cece mu wani mai unguwa ne da ya zo da tsohuwar wayarsa ya nuna mana kiran da ya yi har sau bakwai da yammacin ranar, da lokacin kowanne, da wani malamin firamare da ya ajiye kwafin takardar koken da suka kai sati biyu kafin abin ya faru, da hatimin karɓa a jiki. Da waɗannan biyun muka gina jerin lokutan, kuma da aka karanta wa jami'in da ya rantse cewa ba wanda ya sanar da su, shiru ya yi. Wani ƙaramin jami'i kuma da daddare ya same ni a masauki ya ce wallahi an kira, sun kuma so fita, motarsu ɗaya ce ba mai a ciki, sun nemi ɗauki daga sama aka ce su jira gari ya waye, amma ba zai maimaita wannan a gaban hukuma ba don yana da yara. Ban ga laifinsa ba, ba mu da wata kariya da za mu ba shi.

Mun gama mun miƙa kwafi biyar masu lamba, aka yi hoto, aka karɓe duk wani daftari da ke hannunmu, aka ce za a kafa wani kwamitin da zai fitar da farar takarda, wato matsayar gwamnati kan wace shawara ta karɓa wacce ta ƙi. A tsarinmu rahoto ba ya aiki da kansa sai da farar takardar nan, kuma ba dokar da ta ɗaure gwamnati ta fitar cikin wani wa'adi, shi ya sa wanda ya kafa kwamiti shi ne kuma mai makullin durowar.

Don haka in ka sake jin an kafa kwamiti kar ka tsaya kallon girman sunayen da ke ciki, nemi takardar hurumin aikinsu ka karanta, ka ga an ce su binciko yadda jami'ai suka yi da bayanan da suka samu ne ko an tsaya a "musabbabin rikici na kusa da na nesa", don wannan jimlar ita ke ba da damar a cika shafi 200 da talauci da rashin aikin yi ba a ambaci wanda ya ƙi ɗaga waya ba. Ka duba ko suna da ikon sammaci da rantsarwa, ko iyalan mamata suna da lauya a zaman, ko an faɗi ranar da za a buga rahoton. Zancen sirrin tsaro gaskiya ne akwai shi, ba za a tona sunan mai kawo wa jami'ai labari ba, amma Ingila da ta binciki harin Manchester Arena na 2017 da ya kashe mutum 22 ta saurari jami'an MI5, hukumar leƙen asirinta ta cikin gida, a ɗaki a rufe, sannan alƙalin Sir John Saunders ya fito a Maris 2023 ya faɗa wa duniya cewa MI5 ta yi sake da wata babbar damar da ƙila da ta hana harin, shugabanta Ken McCallum ya ba da haƙuri. Kai kanka a matsayinka na ɗalibi dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa ma'aikata ka nemi kwafin rahoto, kwana 7 doka ta ba su su amsa, mai yiwuwa su fake da tsaron ƙasa su hana, amma dole su rubuto dalilin, da wannan wasiƙar kuma ake zuwa kotu.

Malamin firamaren nan har yanzu mukan haɗu a wurin ɗaurin aure ko ta'aziyya, ya yi ritaya tuni, in mun gaisa sai ya riƙe hannuna ya ce Barista ya labarin takardarmu, ni kuma in ce masa Malam ana nan ana jira.